Murhu Shida a Gidan Baba Tanko

Da ƙarya biyu na shiga ƙasar Kamaru, kuma su biyun ne suka ci ni daga baya. Ta farko, wai a Garwa aka haife ni, ƙuruciya ce ta kai ni Najeriya. Ta biyu, wai ina jin Faransanci. Gaskiyar magana ni mutumin Gumel ne, sunana Idi, karatuna bai wuce aji huɗu na elementare ba. Faransancin da nake taƙama da shi kuwa kalma biyar ce na saya da goro wurin wani direba a Mubi: wi, no, mushe, marsi, dakor.

Direban nan shi ya fara nuna mini halin hanya. Mun yi da shi zai kai ni Garwa, da muka zo garin Gidar sai ya ce kowa ya sauka a tura mota. Muka tura, mota ta tashi, ya ɗauki waɗanda suka fi ni gudu, ya tafi da akwatina. Na tsaya a tsakiyar titi ina zagin ƙura. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta dube ni, ta ce wani abu da Fulatanci wanda ban gane ba, ta cika mini tafin hannu biyu. Wannan gyaɗar ita ce abincina har kwana biyu, kafin wata motar auduga ta yarda in hau bisa kaya.

Garwa a lokacin gari ne da ake ginawa kamar ana tsere. Shugaban ƙasa ɗan garin ne, hotonsa na rataye a kowace rumfa, ko'ina ka juya ana yanka titi ko ana zuba siminti. Mutane sai kwararowa suke daga duwatsu, daga bakin Cadi, daga ƙasarmu. Aiki akwai shi ga mai ƙarfi. Wurin da za ka sa haƙarƙarinka ne babu.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina neman ɗaki. Wani ya nuna mini ɗakin da mutum takwas ke kwana, huɗu da rana huɗu da dare, ya ce akwai gurbi a cikin na rana. Wani ya kai ni bayan gidansa, ya buɗe wani ɗan ɗaki da sai ka durƙusa za ka shiga, ya rantse mini an daɗe da fitar da kajin. Wani kuwa kafin in gama sallama ya ce in ba ni da kuɗin wata uku a hannu kada in wahalar da bakina. Na kwana a rumfar mahauta, na kwana ƙarƙashin motar da ta mutu, sauron Binuwai ya mai da ni gonar gado.

A masallacin bakin kogi na haɗu da Abakar, mutumin Kusiri mai sayar da busasshen kifi. Ya ga ina alwala zazzaɓi na kaɗa ni.

"Kai baƙo ne," in ji shi. "Ina masaukinka?"

Na ce ina da wurare da yawa, zaɓa nake yi.

"To zo ka ƙara da wannan cikin zaɓin."

Ya kai ni gidan Baba Tanko. Baba Tanko Bakano ne da ya zo Garwa da jakunan kanwa tun ba a haife ni ba, ya yi gida a tsohuwar unguwar bakin kogi, inda ruwa ke shiga har tsakar gida duk damina. Bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba. Ya nuna mini kusurwar zaure da sandarsa, ya ce a kawo tabarma. Matarsa, Inna, ta aiko da jiƙon sabara da kunun tsamiya. Abakar ya ba ni bargonsa.

Iyali shida ne a gidan. Akwai Baba da Inna, akwai Abakar da matarsa Halime, sai Buba tela, Bafulatani, sai Yakubu, Kirista daga duwatsun Mokolo mai dako a tashar jiragen ruwa, sai wasu masunta biyu wa da ƙane daga Yagwa. Kowa da matarsa da ɗakinsa da murhunsa. Ba wanda Baba ya taɓa karɓar ko dala a hannunsa. Abin da ya shar'anta ɗaya ne: ciyayya. Bayan magariba kowace mace za ta aiko da kwanon mijinta zaure, a jera kwano shida a tabarma, maza su zagaye su, a fara da wannan a koma wancan. Ranar da na fara sa hannu a tuwon Inna na ji daddawar nan irin ta gida, sai da na yi kamar barkono ne ya shige mini ido.

Da na warke na ji ana neman masu iya rubutu da jin Hausa a wani biro, wato ofis, za a yi ƙidayar gidaje. Mai ɗaukar aikin wani dogon mutum ne daga kudu, kowa Shef yake ce masa. Ya yi mini doguwar magana, na ce wi mushe. Ya ƙara wata, na ce dakor. Ya ba ni takarda in kwafa, ya ga rubutuna tsaf kamar na ɗab'i, shi ke nan na samu aiki.

Kwana uku Shef yana koya mana aikin da Faransanci, yana zane a allo, yana share gumi. Ni kuwa ina gaba-gaba ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Abin da na tsinta duka bai wuce wannan ba: a takardar akwai wani gida da aka zana duwatsu uku a gefensa, a nan ake rubuta yawan murhun da ke cikin gida. Dalilin ƙirga murhun kuwa ya wuce ta saman kaina.

Bibbiyu aka raba mu, namiji da mace, don mace ce ke shiga inda namiji ba ya shiga. Ni aka haɗa ni da Madam Marta, 'yar duwatsu, wadda ta yi makarantar mishan. Tana jin Faransanci da Fulatanci da Hausar kasuwa. Tun ranar farko ta gano ni.

"Malam Idi, in akwai abin da bai shiga ba ka tambaye ni. Ba na karɓar kuɗin tambaya."

Na ce, "Madam, tun kina goye nake jin Faransanci."

"To madalla. Me Shef ya ce game da gidan da ba kowa?"

Na ce rana tana yi, mu tafi.

Ban ɓoye wa kowa ba yanzu: raini ne ya hana ni tambayarta. Mace ce, ba addininmu ɗaya ba, kuma ta fi ni sani, wannan na ukun shi ya fi ƙona mini rai. Haka muka riƙa yawo cikin zafin Garwa da ke narkar da kwalta. Ita ta shiga ta ƙirga murhu, ni in zauna a zaure in rubuta. Karnuka sun kore mu, an rufe mana ƙofa, wata tsohuwa ta watsa mana ruwan wanke-wanke. Kowa tambayarsa ɗaya: me gwamnati za ta yi da murhunmu?

Tambayar nan ta biyo ni har gida. Ana saura kwana biyu mu iso layinmu, muna kan kwanon shinkafar mutanen Yagwa, Baba ya ce, "Idi, kai da ke cikinsu, wannan ƙirgar ta mece ce?"

Ido goma sha biyu a kaina. Mutanen da suka ciyar da ni wata huɗu, yau ga ranar da ni ma zan ba su wani abu. Da na ce ban sani ba, bari in tambayo, da labarin nan ya ƙare a nan. Sai na gyara zama, na rage murya.

"Lampo ne," na ce. Lampo shi ne haraji a bakin mutanen can. "Duk gidan da murhu ya wuce ɗaya, mai gidan mai ba da haya ne. Za a ɗora masa lampon kowane murhu."

Baba ya ajiye lomarsa. "Ni mai haya? Shekara arba'in ban karɓi sisin baƙo ba, sai yanzu a rubuta ni a littafin gwamnati ina sayar da ɗaki?"

Abakar ya ce, "Idi, ka tabbata? Mu a Kusiri an taɓa ƙirga rijiyoyi, kuma ba abin da ya biyo baya."

"A gabana Shef ya faɗa. Da kunnena na ji."

Da kunnena na ji ɗin, wannan kam ban yi ƙarya ba.

Buba tela ya yi dariya ya ce to ai sai Halime ta ɓoye murhunta ƙarƙashin gado. Yakubu ya ce in ana biyan lampo a kan tuwon matarsa, gwamnati ce za ta biya shi. Baba bai yi dariya ba. Ya nuna kwanukan da ke gabanmu.

"Ka rubuta ɗaya. Gida ɗaya ne, tabarma ɗaya muke ci a kai. Ba na son a raba mini mutane a takarda."

Ranar da muka iso ƙofar gidan, Marta ta gyara ɗankwalinta za ta shiga, na tare hanya.

"Nan gidanmu ne, Madam. Na san kowace tsintsiya. Murhu ɗaya ne."

Ta ɗaga kai ta dubi saman danga. "Ɗaya? Ga hayaƙi nan ta wuri uku."

"Shara ake ƙonawa."

"Sharar gidanku ƙamshin kifi take yi."

Na ce mata matan gidan ba sa son baƙuwar ido, kuma ni ke riƙe da alƙalami. Ta dube ni, ta ce, "Hannunka ne a takardar, ba nawa ba." Na rubuta ɗaya, na ƙawata shi. Maƙwabta biyu da suka ji labari daga bakin Buba su ma suka roƙe ni, na rubuta musu ɗaya-ɗaya. A layin nan har ana nuna ni da yatsa, ana cewa yaron Baba Tanko ya san gwamnati.

Mun gama ƙirga ranar wata Asabar. A hanyar komawa biro Marta tana cikin fara'a, ta sayi rake ta karya mini rabi.

"Wahalarmu ba ta tafi a banza ba," in ji ta. "Ka ga masu kwana su takwas a ɗaki ɗaya? Sun kusa hutawa."

Na ce ƙwarai, ina jiran ta ƙarasa.

"In an tashi unguwar bakin kogi saboda ruwa, kowane murhu fili guda a kan tudu. Mai gida fili, wanda ke raɓe da shi ma fili. Shef ya ce in kowa ya gina nasa, masu ba da haya za su rasa wanda za su yanka."

Raken ya koma mini ɗaci a baki.

A nan ne babban laifina yake, wanda ya fi na farko. Takardun suna cikin kabad a biro, sai bayan kwana tara jirgi zai kai su Yawunde. Kwana tara ina da damar gyarawa. Amma gyara sai da izinin Shef, in na je wurin Shef sai na faɗi dalilin da na rubuta ɗaya, in na faɗi dalili zai gane ban ji ko kalma ɗaya daga darasinsa ba. Daga nan zai nemi katin shaidata, wanda ba ni da shi. A wancan zamanin kuwa in an ce jandarma sun ɗauki mutum, sai ka ji an rage murya ana ambaton Cholire. Ban san me ke Cholire ba, ban kuma so in sani.

Litinin na ce Shef yana cikin fushi, sai gobe. Talata na ce ya yi baƙi. Laraba na kai har bakin ƙofarsa, na ga wani jandarma yana shan ruwa a randar biro, na juya. Kullum da magariba in zauna a tabarmar Baba, in sa hannu a kwanon Halime, in ce Allah ya yi albarka. Har Abakar ya ce na rame, ya sa aka ƙara mini kifi.

Da na buɗe baki na gaya wa Marta, ranar Laraba ta sama ce. Ta saurare ni har na gama.

"Shekaranjiya aka kai su filin jirgi," ta ce. "Malam Idi, matambayi ne ba ya ɓata. Hausarku ce, ba tawa ba."

Ko a nan ban gaya wa mutanen gida ba. Na ce wa kaina wataƙila takardun su ɓace, ai gwamnati ta saba ɓatar da takarda. Wannan karon ba ta ɓatar ba. Bayan wata biyar, ana gab da damina, jauro, wato mai unguwa, ya tara mutane ƙarƙashin bishiyar darbejiya aka karanta sunayen masu fili. Gidan da ke da murhu huɗu aka kira suna huɗu. Masu kwana da kaji sun samu. Da aka zo gidanmu aka ce Tanko, aka wuce.

Abakar ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, akwai saura a gidan nan."

Mai karatu ya duba ya ce murhu ɗaya aka rubuta.

Ba wanda ya juyo ya dube ni, kuma da sun dube ni da ya fi mini sauƙi. A nan gaban jauro na miƙe na faɗi komai, har da Gumel, har da direban Mubi da kalmominsa biyar. Buba ya taso mini da almakashinsa a aljihu, Yakubu ya riƙe shi. Baba ya ce da ni, "Zauna, kana tara mana jama'a."

Matan gidan ne suka ƙi yarda a bar maganar. Washegari da hantsi Halime ta sa kowace mace ta tone duwatsun murhunta. Dutse goma sha takwas, baƙi ƙirin, wasu da sauran ɗumi. Aka loda su a pus-pus, irin amalanken nan na hannu, Halime ta ce, "Wanda ya rubuta shi zai tura." Na tura tun daga bakin kogi har biro, mata shida na biye da ni da goyo, 'yan kasuwa na tambaya ko gwamnati ta fara sayen duwatsu.

A ƙofar biro suka jera su uku-uku. Shef ya fito ya tsaya yana kallo. Marta ce ta yi tafinta.

Halime ta ce, "Gaya masa ya ƙirga da kansa. In yana so ya taɓa, nawa bai huce ba."

Shef ya cire tabarau ya yi magana mai tsawo, yana dukan tafin hannunsa da takarda.

"Ya ce ya yarda shida ne," in ji Marta. "Ya ce shekara biyu yana roƙon manya a ƙirga murhu a daina ƙirga ƙofar gida, don masu raɓe su samu. Ya ce filayen an yanka su daidai da lambar da ta je Yawunde, ko guda ba ta yi saura ba. Ya ce shi kansa a ɗakin ajiyar kayan abokinsa yake kwana."

"To a tura duwatsun Yawunde," in ji Halime.

Marta ba ta fassara wannan ba.

Shef ya rubuta wasiƙa a gabanmu, ya buga hatimi. Sannan ya juyo gare ni ya faɗi wata gajeriyar magana, bakina ya kusa cewa dakor don sabo. Marta ta ce, "Ya ce ka ajiye alƙalaminsa ka tafi. Ya ce bai taɓa ganinka ba, kuma ba ya son ya fara." Bai kira jandarma ba. Abin da na yi kwana tara ina tsoro ke nan, ya ƙare cikin numfashi ɗaya.

Amsar wasiƙar ta zo bayan an riga an rushe unguwar. Layi biyu ce, wai an rufe rajista, a jira zagaye na gaba. Har na bar Garwa ban ga zagaye na gaba ba.

Baba ya so ya kwashi kowa zuwa sabon filin, amma filin taku ashirin ne da 'yan kai, kuma dokar sabuwar unguwa ta hana bukkar ciyawa. Masuntan Yagwa suka gangara can ƙasan kogi suka kafa rumfuna inda ruwa ya fi ci. Buba ya mai da iyalinsa ƙauye, shi yana kwana a shago. Yakubu ya kama rabin ɗaki a hannun mutumin nan mai cewa sai kuɗin wata uku. Abakar ya sayar da kwandunansa ya ce Kusiri zai koma. Na raka su tasha ina ɗauke da kayan Halime, ita ko kallona ba ta yi ba. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Kalas, Idi, ya wuce. Bargon nan ka riƙe, tudu akwai sanyi." Ya sa ƙafa a mota, ya waiwayo. "Amma in ka je wani gari, ka ce kurma ne kai. Zai fi wa mutane alheri."

Na zauna wata bakwai ina yi wa Baba aikin lebura a sabon gida, ina kwaɓa ƙasa ina ɗaukar tubali, don ban san wata hanyar biya ba. Duwatsun nan kuwa Inna ta hana a bar su a ƙofar biro. Ni na sake turo su har tudu. Ta ɗauki uku ta kafa murhu, goma sha biyar ta sa na jera mata a gindin katanga, ta ce masu su za su zo nema.

Ranar da aka rufa zaure, bayan magariba, Baba ya sa na shimfiɗa tsohuwar tabarmar nan mai faɗi. Inna ta miƙo kwano ta bayan labule. Na ajiye shi a tsakiya, muka zauna mu biyu, tabarma duk ta yi mana yawa. Baba ya ɗan jira, kamar yadda ya saba jira sauran kwanuka su fito. Sannan ya buɗe murfin ya turo kwanon gabana.

"To, malamin gwamnati," in ji shi, "ga takardarka ta zama gaskiya. Sa hannu."